Sabara Ba Ta Kashe Gona: Martani Ga Mai Kiran A Tumɓuke Ta

Malam, na karanta maƙalarka kan kwararowar hamada, kuma rabinta na farko ba ni da ja a kansa. Ƙasa tana zaizayewa, damina ta zama ba tabbas, gonar da a da take riƙe gida daga kaka zuwa kaka yanzu da ƙyar take kai shi bazara. Inda muka raba hanya shi ne inda ka ɗora wa sabara laifi. Ka kira ta ciyawa mai taurin kai. Ka ce ba ta inuwa, ba ta 'ya'yan ci, ba ta katako. Ka ce duk gonar da ta yi yawa a ciki to gonar ta mutu, kuma ɗan ruwan da ya sauka ma raba shi take yi da gero. Daga nan sai ka nemi hukuma ta shigo da katafila ta tumɓuke ta har saiwa, a share wa tarakta fili, a jera turare da darbejiya a gefe. Wannan shawara in aka bi ta, abin da kake gudu shi za ta jawo da wuri.

Mu fara da ita kanta bishiyar, tunda a rubutunka ba ka tsaya ka dube ta ba. Sabara danginta ɗaya da geza da taramniya da marke da baushe, dangin da masana tsirrai ke kira Combretaceae, kuma su suka cika dajinmu daga Sakkwato har Borno. Sunanta a littattafan kimiyya Guiera senegalensis, a cikin jinsin Guiera kuwa ita kaɗai ce tilo. Tana fitowa tun daga Senegal da Muritaniya har Sudan, a ƙasashen da ruwan shekara ke kaiwa milimita 400 zuwa 800, kuma ta fi son jigawa. Ba wanda ya kawo ta, ba wanda ya taɓa ba ta ruwa da bokiti. A kan tuddan da ke kewaye da Yamai, ita da geza ne suka haɗa dajin nan mai zane-zane da ake gani daga jirgin sama, wanda birnin ya daɗe yana dafa abinci da itacensa.

Tsinko ganye ɗaya ka riƙe. Ƙarami ne, bai fi gaɓa biyu ta yatsa ba, kore mai toka-toka, in ka shafa za ka ji laushin gashi a jikinsa. Ganyen biyu-biyu suke fitowa a reshe, suna fuskantar juna. Juya bayansa ka kawo shi kusa da ido: za ka ga ɗigo-ɗigo baƙaƙe birjik, waɗanda da su ake gane sabara ko ba fure ba 'ya'ya. Gashin nan da launin toka-tokan nan aiki suke yi, suna mayar da zafin rana, suna rage ruwan da ganye ke asara idan iskar hunturu ta buso. Shi ya sa za ka ga daji ya yi fayau a tsakiyar rani, amma ita tana nan da ganyenta. Furenta ƙanana ne, ruwan ɗorawa mai ratsin kore, a cure wuri guda a kan ɗan siririn sanda, kuma ƙudan zuma na zuwa musu a lokacin da fure ya yi wuya a daji. Idan suka zama 'ya'ya sai su fito dogaye sirara, santimita uku zuwa huɗu, lulluɓe da gashi mai sheƙi da ɗan ja-ja, suna miƙewa ta kowane gefe daga curi ɗaya.

Ka ce ba ta cancanci a kira ta bishiya ba domin ba ta wuce ƙugu. Ba ta wuce ƙugu ne saboda duk shekara adda na bi ta kanta. Inda aka ƙyale ta takan kai mita uku, wani lokaci har biyar. Abin da kake gani a gona tohon shekara ɗaya ne kawai. Ainihin jikinta yana ƙarƙashin ƙasa: kututture mai shekaru, da saiwoyi na sama da suka bazu gefe-gefe, da wasu da suka nitse can ƙasa, waɗanda masu bincike a Senegal suka ce suna iya kaiwa kimanin mita goma. Wannan jiki na ƙasa shi katafilarka za ta fitar waje, kuma a kansa duk gardamarmu take.

Gaskiya ne, in ka bi hanyar Katsina zuwa Maraɗi, ko ta Gumel zuwa Maigatari, gonakin da suka gaji su ne sabara ta fi yawa a ciki. Amma sai a tambaya, wa ya riga wani? An sare marke don itace. An sare kirya don turmi da gawayin maƙera. An daina barin gona ta yi saura, domin baki sun ƙaru ƙasa kuwa ba ta ƙaru ba. Duk itacen da ba ya jure sara da kiwo da wuta ya tafi, aka bar sabara da kalgo, su da in an sare su tohowa suke yi. Wanda ka tarar a gidan rasuwa yana zaman makoki ba shi ya yi kisan ba. Kai ka ga gona ta gaji, ka ga sabara a ciki, ka haɗa musu aure. Da ka tona gindinta da ka ga akasin haka.

Shiga gonar gero a ƙarshen rani kafin a yi sassabe, ka tsuguna a gindin sabara ɗaya. Ƙasar wurin ta ɗan yi tudu, ta fi ta kewaye tsawo. Sa hannu ka tona. A sama rairayi ne mai laushi gauraye da ƙura. A ƙarƙashinsa ruɓaɓɓen ganye, da kashin awakin da suka fake da rana, da tarkacen kara da iska ta kwaso, da ramukan gara da suka huda ƙasar ta yadda ruwa zai shige. Launinta ya fi na fili duhu, kuma ta fi sanyi a tafin hannu. Matsa taku biyar ka sake tonawa: farin rairayi ne zalla, ko kuma fako da fartanya ke tsalle a kansa. Duk manomin jigawa ya san a kan wannan tudu geronsa ya fi yin kauri. Masana ma sun auna: Alexander Wezel da abokan aikinsa sun yi bincike a gonakin kudu maso yammacin Nijar, suka wallafa a shekarar 2000, suka samu ƙasar gindin sabara ta fi ta fili sinadaran da shuka ke ci, geron da ke kusa da ita kuma ya fi bayar da amfani.

Kada a yi mata ƙarin gishiri. Sabara ba gawo ba ce, saiwarta ba ta ɗauko sinadarin naitirojin daga iska ta zuba a ƙasa. Aikinta tarawa ne. Tana tare ƙurar hunturu da ke tasowa daga kwarin Bodele na ƙasar Chadi, ƙurar da ke ɗauke da ma'adinai, tana tare ƙasar saman gona da iska ta ɗaga, tana jawo abin da ruwa ya nitsar can ƙasa ta mayar da shi sama ta hanyar ganyen da take zubarwa. Wani zai ce ai to daga wani ɓangaren gonar ta kwaso ta tara a gindinta, ba ƙari aka samu ba. Amsar ita ce, ƙasar da iska ta ɗaga in ba ta samu abin da ya tare ta ba, ba a gonar take sauka ba, barin garin take yi gaba ɗaya. Kuma duk wanda ya taɓa noma a arewacin Katsina ko Yobe ya san iskar gabas da ke gaba da hadarin farkon damina, yadda take kwaso rairayi ta zane ɗanyen tsiro ko ta binne shi, har mutum ya sake shuka sau biyu sau uku. Kututturen sabara da 'yan rassanta su ne ke karya wannan iska daidai inda take ɓarna, wato dab da ƙasa.

Yanzu ga maganar ruwa, wadda ita ce babbar hujjarka. A hankalce tana da ma'ana: bishiya na shan ruwa, gero na shan ruwa, ruwan kuma kaɗan ne. Sai dai an gwada, kuma sakamakon bai bi hankalcen ba.

Da rana ganyen kowace bishiya yana buɗe 'yan ƙofofin numfashinsa, ruwa na fita ta nan, saiwa na jawo wani daga ƙasa. Da dare ƙofofin sai su rufe. Amma dogayen saiwoyin sabara suna can cikin ƙasa mai laima, gajerun kuma suna cikin busasshiyar ƙasar sama, ruwa kuwa daga laima yake tafiya zuwa bushewa. Tunda ba hanyar fita ta ganye, sai ya hau ta doguwar saiwa ya tsattsafo ta gajerun ya jiƙa ƙasar sama. A wannan ƙasar saman saiwar gero take. Richard Dick na Jami'ar Jihar Ohio a Amurka, tare da masanan Senegal, sun shafe fiye da shekara goma suna bin wannan al'amari a wata gonar gwaji a Keur Matar, kusa da birnin Thies. A wani aiki da Nathaniel Bogie ya jagoranta, wanda aka wallafa a 2018, sun shuka gero, wani tare da sabara wani shi kaɗai, suka yanke masa ruwa don su kwaikwayi fari. Sai suka shayar da saiwar sabara ta can ƙasa da wani ruwa mai alama, wanda na'ura ke iya bambanta shi da sauran ruwa. Ba a daɗe ba alamar ta bayyana a jikin geron da ke kusa. Ruwan da sabara ta jawo, gero ya sha. Geron da ke tare da ita ya ninka wanda yake shi kaɗai girma sau da yawa. A shekarun gwajin sun kuma lura amfanin gonar da ke da sabara yakan riga nuna da kusan mako biyu, kuma kai ma ka san abin da mako biyu ke nufi a shekarar da ruwa ya ɗauke a farkon Satumba.

Ba ina cewa sabara ba ta taɓa takura wa shuka ba. In aka bar ta ta yi duhu a tsakiyar gona ba a taɓa ta ba, za ta rufe tsiro. Amma manoma ba haka suke yi ba. Suna sare ta a sassabe, su ƙara datse tohon a noman firi, ta yadda a lokacin da gero ke ƙarami ita ba ta da ganyen kirki. Sai an yi girbi gona ta zama fili sannan take sakin jiki ta yi ganye, ta rufe ƙasa a watannin da ba abin da ke rufe ta. Rabon lokaci ne da manomi da bishiya suka daɗe da yi.

In akwai abin gyara a wannan al'ada, to ashana ce. Ana sare sabara, a tara rassan da ganyen, a cinna musu wuta, abin da bishiyar ta yi shekara tana tarawa ya tashi a hayaƙi cikin minti kaɗan. A Keur Matar abin da suka canza ke nan: sun ƙara yawan sabarar zuwa kimanin gindi 1,500 a hekta, sun daina ƙonawa, suna daddatsa ganyen da ƙananan rassan su mayar wa ƙasa. Da wannan kira ka yi a maƙalarka, a ƙara sabara a daina ƙona ta, da yau wasiƙar goyon baya nake rubuto maka.

Mu zo kan abin da kake son a maye gurbinta da shi. Bishiyar turare daga Ostareliya aka kawo ta, kuma an riga an gwada ta a matsayin katangar iska a ƙasar nan. A Yambawa, cikin yankin Ɗambatta, masu bincike irin su Onyewotu da Stigter sun auna geron da ke gefen layukan turaren da aka dasa, suka ga saiwoyinta sun kutsa cikin gonakin mutane, geron kusa da ita ya tsumbure, sai da aka haƙa rami aka datse saiwoyin sannan ya farfaɗo. Wato laifin da ka tuhumi sabara da shi, a kan bishiyar da kake tallatawa aka tabbatar da shi. Darbejiya kuma daga ƙasar Indiya ta fito, kuma ba mai musun alherinta. Ta yi wa Maiduguri inuwa, ta yi wa kasuwanninmu da makarantunmu. A kwarin Majiya da ke jihar Tawa, layukanta da aka fara dasawa a 1975 sun kare gonaki daga iska, sun kuma samar da itace. Amma kwari ne, ruwan ƙasa a kusa yake, kuma sai da aka yi shekaru ana gadin dashen daga dabbobi. Ɗauko wannan ka kai shi kan jigawar da rijiyarta ke da gaba ashirin, ka ga ko nawa za su ga damina ta biyu. Kowane dashe sai an rene shi a leda, an yi jigilarsa, an ba shi ruwa a rani, an kewaye shi da ƙaya saboda awaki. Wanda duk ya taɓa wucewa ta filin da aka yi bikin dashe bara, ya ga sandunan da suka rage a tsaye, ya san yadda lissafin ke ƙarewa.

Wannan darasi an riga an koye shi a maƙwabta. Tony Rinaudo, ɗan Ostareliya da ya yi aiki a Maraɗi, ya fara ne da irin tunaninka: reno, dashe, shinge, mafi yawan dashen kuma na mutuwa. A 1983 ya tsaya a hanya yana rage iskar taya saboda rairayi, ya dubi ɗaya daga cikin 'yan tsirran da ya saba wucewa, ya gane toho ne daga kututturen bishiyar da aka sare, saiwarta na nan da rai. Daga nan aka fara abin da mutanen Nijar ke kira sassabin zamani: maimakon a share kututture ƙaf, sai a zaɓi reshe biyu zuwa biyar mafi ƙarfi a bari, a datse sauran, a riƙa yi musu aski suna miƙewa. Dabarar ba baƙuwa ba ce ga tsofaffin manoma, abin da aka yi shi ne dawo da ita da yaɗa ta, musamman bayan yunwar 1984. A ƙasar Maraɗi kalgo da sabara suna cikin waɗanda suka fi tashi ta wannan hanya, a Magarya da Matamaye da Mirya na jihar Damagaram kuma gawo ne ya mamaye. Da Chris Reij da Gray Tappan da masanan Nijar irin su Mahamane Larwanou suka haɗa hotunan sama na da da na yanzu da abin da suka gani a ƙasa, sun ƙiyasta hekta miliyan 5 da itatuwa kusan miliyan 200. Ba gidan reno da ya raini waɗannan. Daga kututturan da kake son a tumɓuke suka fito, su da irin da ke kwance a ƙasa.

Wani abu da ya taimaka a can shi ne manomi ya samu tabbacin itacen da ya raina a gonarsa nasa ne. A da, tsoron tarar malaman daji kan sa mutum ya kashe tsiro tun yana ƙarami, don kada ya girma ya zama na hukuma. Wannan ma gyara ne da ke hannun gwamnati, kuma ba ya cin kuɗin man katafila ko na yini ɗaya.

Sauran ƙorafe-ƙorafenka ba za su ɗauke mu lokaci ba. Ba ta 'ya'yan ci, haka ne. Ba ta katako, haka ne. Amma ita ce ƙiraren da matar ƙauye ke samu ba tare da ta yi tafiyar yini ba, ita ce shinge da tanka, kuma in aka samu ƙirare a gona sai a bar wa ƙasa kara da kashin shanu maimakon a kai su murhu. Shanu ba su cika son ganyenta ba saboda bauri, amma raƙuma da awaki na ci a lokacin da ba komai a daji, makiyaya kuma na turara ta a garke don korar ƙuda.

A kan masu tallar magani kuwa ina bayanka. Mun taso muna ganin ana dafa ganyen sabara don tari da mura da gudawa, kuma masana sun samu sinadarai masu aiki a cikinta, irin su harman da guieranone A. Amma abin da aka gani a kwalbar ɗakin gwaji bai zama warakar ɗan Adam ba, kuma mai cewa tana warkar da ciwon daji har ya hana marar lafiya zuwa asibiti yana wasa da rai ne. Sai dai ƙaryar mai talla ba hujja ba ce a kan bishiya.

Batun tarakta shi ne wanda na fi ɗauka da nauyi, domin kututture na karya garma, kuma ba wanda ke son ɗansa ya gaji doron da fartanya ta sa wa kakansa. Amma yawancin gonakin da muke magana a kansu ƙanana ne, garmar shanu da hauya ke aiki a cikinsu, su kuwa kewaye kututture ba ya gagarar su. Inda gona ta yi girman da dole sai inji, ana iya barin sabarar a jere, layi-layi, a gicciye da inda iska ke fitowa, a bar wa tarakta faɗin da za ta wuce a tsakani. Inda layin ya yi giɓi ma ba sai an nemi leda ba: reshen sabara in ya kwanta a ƙasa aka danne shi da rairayi a damina, saiwa yake yi, ya zama sabon gindi. Wannan aikin magidanci ɗaya ne da ɗansa a yammaci guda.

Abin da ya sa na ɗauki alƙalami, Malam, shi ne rubutunka ana karanta shi a ofisoshi. Shawarar da ke buƙatar sayen inji da bayar da kwangila tana saurin samun masu goyon baya fiye da wadda ke cewa a bar wa manomi addarsa a gyara masa doka. Saiwar da ta yi shekaru tana nitsewa, katafila na fitar da ita cikin minti ɗaya, kuma in an fitar da ita ba toho ba tudu, sai fili da iska. Ina roƙonka ka sake duba wannan sakin layi, ka janye shi a rubutunka na gaba, tun kafin wani ya ɗauke shi ya sa a kasafin kuɗin baɗi.